Murhun Tsimi, Itacen Girki da Kuɗin Akwati

 Wannan babi a kan wutar girki yake, da abubuwan da suka rataya a wuyanta: itace, hayaƙi, gona, leda, da kuɗin da muke zubawa a akwati duk mako. Aikina shi ne zagaya ƙungiyoyi a ƙaramar hukumar Dutsi, daga cikin gari har ƙauyukan da ke wajen Shargalle, kuma akwai abin da nake gani a gidaje da yawa. Mace za ta karɓi murhun tsimi da murna, ta yi wata biyu tana girki a kansa, in an koma gidan sai a tarar kaza ta yi ƙwai a cikinsa, duwatsu uku kuwa sun koma mazauninsu.

Wasu baƙi daga birni sukan ce rashin wayewa ne. Ni ban yarda ba. Matar da ke ciyar da baki goma sha biyar safe da dare ta fi kowa sanin wuta. In ta ajiye murhu, to akwai dalili, kuma dalilan nan su nake so mu bi ɗaya bayan ɗaya, mu ga wanda ke gyaruwa da wanda sai haƙuri.

Maganar ba baƙuwa ba ce a nan. Tun daga 2014 Tarayyar Turai ta ɗauki nauyin wani shiri da ƙungiyoyin Oxfam da ICEED suka gudanar a ƙananan hukumomi bakwai: Baure, Daura, Dutsi, Mai'adua, Mashi, Sandamu da Zango. Manufarsa ita ce a rage itacen da ake ƙonawa, a ƙara wanda ke tsirowa a gonaki. An koya wa masu ginin tukwane yin murhu, an koya wa manoma rainon itatuwa. Bayan wannan, murhuna iri-iri sun shigo ta hanyoyi daban-daban, na laka, na ƙarfe, wasu kyauta, wasu a kasuwa aka saye su. Abin da zan faɗa a ƙasa ya shafi kowane iri.

Yadda murhun ke rage itace

A murhun duwatsu uku, wuta a fili take. Iska na kaɗa harshenta nan da can, zafi na fita ta kowane gefe, ƙasa na shan nata. Masu gwajin murhu sun auna sun ga cewa in aka kasa zafin itacen kashi goma, kashi ɗaya ne ko biyu ke shiga tukunya. Sauran ya tafi ga iska da ƙafafun mai girki.

Murhun tsimi abu uku yake yi. Bangonsa na tare iska. Yana tilasta wa zafi ya bi jikin tukunya ya lashe ta kafin ya fita, shi ya sa ake barin 'yar tazara tsakanin tukunya da bango, kamar kaurin ɗan yatsa. In tazarar ta yi faɗi, zafi ya gudu. In ta toshe, wuta ta shaƙe. Na uku, yana barin iska ta shiga ta ƙarƙashin itace, don itacen ya ci sosai. Hayaƙin nan da ke sa mu hawaye itace ne da bai gama ci ba. Duk lokacin da kika ga baƙin hayaƙi na tashi daga madafinki, kuɗinki ne ke tafiya sama. Murhun da aka gina daidai, aka kuma riƙe shi daidai, yakan rage kashi ɗaya cikin uku na itace, wani lokaci har ya kai rabi.

Sai batun lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki na cikin gida na kashe kimanin mutum miliyan 3 a duniya duk shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Yana jawo ciwon haƙarƙari ga yara, da tari mai daɗewa, da ciwon ido. Amma kada in yaudare ku: murhun laka rage hayaƙi yake, ba ya kawar da shi gaba ɗaya. Don haka ko da shi, a yi girki a fili ko a madafi mai taga, a sauke goyo a ba wani ya riƙe kafin a tsuguna hura wuta. Da hunturu kuma, don Allah kada a shiga da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci za ta tafi da shi.

Inda yake ba mu haushi

Ƙorafi na farko da nake ji a kusan kowace ƙungiya shi ne tuƙin tuwo. Murhun da ake ɗauka a ajiye, in aka ɗora masa babbar tukunya aka sa muciya da ƙarfi, sai ya riƙa rawa, wani ma ya tsage. Gaskiya ne. Wanda ya ƙera irin wannan murhu da alama bai taɓa tuƙa tuwon gero na gidan gandu ba. Maganinsa shi ne a gina na tuwo a ƙasa, kafaffe, kuma a gina shi da tukunyar da za a riƙa amfani da ita, ta yadda za ta nutse ciki kusan rabinta. Duwatsun nan uku ma ba a yar da su, su ne ake kafawa a ciki su ɗauki nauyin tukunya, a zagaye su da laka. Wanda ake ɗauka sai a bar wa miya da ruwan zafi.

Ƙorafi na biyu, tsagewa. Laka zalla ba ta jure wuta. Ana cuɗa ta da yashi kaɗan, da ƙaiƙayi ko kashin jaki, in an sami ƙasar suri ta fi kyau, a bar ta ta kwana biyu ko uku ta ruɓa kamar yadda magina ke yi. In an gama gini, a bar shi ya bushe a inuwa kamar mako guda. Gaggawar hura wuta a ɗanyen murhu ita ke kashe mafi yawansu. Da damina a rufe shi da tsohon kwano ko langa. In ƙaramar tsaga ta fito, a shafe ta tun tana ƙarama, kamar yadda ake yaɓen ɗaki. Ba abin da za a gina sau ɗaya a manta da shi ba ne, kuma wannan ya kamata a faɗa wa mace tun ranar farko.

Na uku shi ne faskare, kuma a ganina shi ne ya fi wuyar warwarewa. Ƙofar murhun ƙarama ce, ba ta karɓar gungume. Sai an faskara itace sirara, guntaye. Wa zai yi? Maigida na gona ko ya tafi cin rani, yara na makaranta, ke kuma ga daka ga ɗebo ruwa ga raino. A murhun gargajiya kina tura gungume ɗaya ki tafi ki yi wanki. A wannan kuwa sai kin riƙa dawowa kina ƙara itace. In kuma kara ne kike ƙonawa, kamar yawancinmu bayan girbi, to zama ya kama ki, don kara ba ya daɗewa a wuta. Ba ni da dabarar da za ta kawar da wannan ɗungurungum. Abin da na ga yana taimakawa shi ne a ware yini ɗaya a mako a yi faskaren sati gaba ɗaya, a jibge a rumfa. Wasu ƙungiyoyi sun sayi gatari mai kyau na haɗin gwiwa, ana aro bi da bi.

Akwai kuma lokutan da murhun tsimi ba shi da amfani, kuma ba abin kunya ba ne a faɗa. Ranar suna ko biki, tukunyar taro sai duwatsu. Da sanyin asuba na hunturu, yara na son wutar da za su ji ɗumi, murhun da ke ɓoye zafinsa kuwa ba ya ba su. A hura musu ta fili. In kwana biyar cikin bakwai a murhun tsimi kika yi girki, kin ci riba.

Waɗanda suka fi kowa amfana su ne masu sana'ar wuta: mai ƙosai, mai waina, mai awara, mai ƙuli-ƙuli, mai dafa dawo, balle mai daddawa wadda ke kwana tana dafa kalwa. Su ne itace ke cinye wa riba.

Akwai abubuwan da ba sa cin ko kwabo, amma ana raina su. Rufe tukunya da murfi. Jiƙa wake tun dare. Shanya itace ya bushe ƙwarai, don ɗanyen itace wani ɓangare na ƙarfinsa wajen busar da kansa yake ƙarewa. Haɗa duk kayan miya kafin a kunna wuta. In an gama, a zare sauran itacen a turbuɗe shi a yashi maimakon a bar shi ya ci ya zama toka. Sai kuma kwandon ɗumi, wanda ni nake so ƙwarai. Ana samun kwando ko kwali, a cika gefensa da gindinsa da tsummoki ko ƙaiƙayi a cikin buhu. Shinkafa in ta tafasa kamar minti biyar, a sauke ta da murfinta a sa a ciki, a lulluɓe, bayan kamar minti arba'in ta nuna. Wake yana son ya tafasa sosai tukuna, kamar rabin awa, sannan ya yi awa biyu zuwa uku a kwando. Ba a buɗewa a leƙa. Ba ya yin tuwo, ba ya yin suya, kuma in abinci ya daɗe a ciki har ya huce, a sake tafasa shi kafin a ci.

Gas da gawayi

Ana yawan tambayata, me ya sa ba za mu koma gas kawai ba? Gas ya fi kowane tsabta, wannan ba musu. Amma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi, darajar naira ta faɗi, gas ma ya bi su. Matar ƙauye sai ta biya kuɗin gas ta biya kuɗin kai tukunyar inda ake ɗurawa ta biya na dawowa. Na san gidajen da tukunyar gas ke ƙarƙashin gado tana jiran sauƙi. Kananzir kuwa an daɗe da sallama da shi.

Gawayi yana ruɗi, don ba ya baƙanta tukunya sosai kuma hayaƙinsa kaɗan ne. Amma kafin a sami buhu ɗaya, an ƙona itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye. Hayaƙin da ba ki gani ba a gidanki, an riga an yi shi a daji.

Daga ina itacen zai fito?

Murhu rage ci yake, ba ya haifar da itace. Iyayenmu na ba da labarin lokacin da ake samo itace a bayan gari. Yanzu sai an yi tafiya, ko a saya. In itace ya yi wuya sai a koma ƙona kara da kashin shanu, waɗanda su ne abincin gona. Gona ta rame, a koma neman takin zamani da tsada. Kun ga ashe murhu da rumbu igiya ɗaya ta ɗaure su.

Dashen itatuwa muna yi duk damina, kuma gwamnati ma na yi: Katsina na cikin jihohi 11 na Najeriya da ke cikin shirin Babbar Katangar Itatuwa wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Sai dai duk wadda ta taɓa dasa itace ta san abin da ke biyo baya. Rani ya zo, ruwan sha ma da ƙyar, akuya ta tsallake shinge, gara ta ci saiwa. Zuwa bazara sai sanda.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun bi wata hanya. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha wahalar dashen da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirrai da ake sassabewa a gona duk shekara ba ciyawa ba ne. Toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tuntuni, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai inda danshi yake. Ba sai an dasa ba, ba sai an yi ban ruwa ba. Abin da ake yi shi ne, lokacin sharar gona, maimakon a sare tohon duka, a zaɓi ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa a kowane kututture, a sare sauran da wuƙa ko gatari mai kaifi, a rage rassan ƙasa, a ɗaura ƙyalle don a san mai shi na so. Bayan 'yan watanni a koma a sake gyarawa. Abin da aka rage shi ne itacen girki, ganyen kuma na dabbobi. A Nijar suna ce masa sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, yawanci a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ƙasarsu ba ta fi tamu ruwa ba.

Itatuwan da ke tohowa a gonakinmu mun san su: sabara, kalgo, magarya, aduwa, geza, da gawo. Gawo dai ba shi da na biyu a gona. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi 'ya'ya. Duk manomi ya san hatsin gindin gawo ya fi na sauran gona.

To amma ga inda gizo ke saƙa. Yawancinmu gonar ba tamu ba ce. Ta maigida ce, ko aro, ko haya, kuma wanda ya karɓi aron gona ba ya rainon itacen da ba shi zai mora ba. Wasu mazan na tsoron itace zai tara tsuntsaye ko ya hana garmar shanu wucewa. Mafi ciwo, ki yi shekara uku kina rainon itace, wani ya zo da dare ya sare. Wannan ya sa mutane da yawa sun karaya. A Nijar ma abin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen gonarsa nasa ne, ƙauyuka kuma suka kafa dokar kansu a kan masu sara. Saboda haka wannan ba aikin mace ɗaya ba ne. Ƙungiya ce za ta tura shugabarta da dattijai biyu wajen mai unguwa ko dagaci, a nemi a yi shela, a kuma zauna da makiyaya a kan yadda za a riƙa datse reshe ba tare da an kashe uwar ba. Mai gayauna ta fara da tata. Marar gona ta dasa zogale ko bedi a tsakar gida, inda ruwan alwala da na wanke-wanke zai ishe shi, ta kewaye shi da ƙaya.

Leda da fitila

Leda kam ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Ki je kasuwa da kwanonki, kafin ki buɗe baki mai kaya ya riga ya ƙulle miki a leda. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi sahu a 2017, mu kuwa har yanzu iska na rataye ta a kan ƙaya. Abu biyu dai suna hannunmu. Kada a kunna wuta da leda, hayaƙinta guba ne kuma ke ce ta farko da za ki shaƙa. Ɓawon gyaɗa, totuwar masara da busasshen ganye sun isa. Sannan a tsince ta daga inda dabbobi ke kiwo. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake fitarwa daga tumbin akuya. Akuyar da ke ci amma tana ramewa, sau da yawa leda ce ta cika mata ciki, kuma akuyar nan ita ce bankin yawancinmu.

Fitila mai aiki da hasken rana tana da kyau, ta fi sayen batirin tocila duk mako. Matsalarta jabu ta cika kasuwa. A saya wajen mai shago da aka sani, a karɓi rasit, a tambayi wata nawa zai karɓa in ta lalace.

Me za a ci bashi a kansa?

Tsarin akwatin nan da muke bi, shi ma daga Maraɗi ya fito. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shi da matan ƙauye da sunan Mata Masu Dubara, daga nan ya bazu ƙasashe da dama. Ƙa'idarsa kun sani: bashi ba ya wuce ninki uku na abin da mace ta zuba, kuma ana biya cikin wata uku. Don haka kafin a ba da bashi don murhu ko fitila, tambaya ɗaya ce: abin nan zai biya kansa cikin wata uku?

Ga misali, ku sa naku farashin a madadin nawa. A ce mai ƙosai na sayen itacen naira 600 kullum. Murhu ya rage mata kashi ɗaya cikin uku, wato naira 200 a rana, naira 1,400 a mako. In murhun naira 5,000 ne, cikin mako huɗu ya fanshi kansa. Wannan bashi ne mai kyau, a ba ta.

Amma matar da ke tsinto itacenta ko take ƙona karan gonarsu, murhu lokaci zai rage mata da wahala, ba kuɗi zai sa mata a hannu ba. In ta ci bashi, da me za ta biya? Ita kada ta ci. A yi mata gayya a gina na laka, yau gidan wannan, jibi gidan waccan. Tukunyar gas ma ba ta bashin wata uku ba ce. Mai so ta jira ranar rabon akwati ta saya da nata. Kuɗin asusun taimako kuwa na rashin lafiya ne da gobara da rasuwa, ba a taɓa shi don wannan. Ƙungiyoyin da ba sa son abin da ya yi kama da kuɗin ruwa, akwati na iya sayen murhun ya sayar wa mace da ribar da aka sani tun farko, ta biya kaɗan-kaɗan. A tuntuɓi malamin gari a kan yadda za a tsara.

Akwai wata magana da mata ke faɗa mini a gefe, ba a cikin taro ba. In maigida ya ga itace na daɗewa, sai ya rage kuɗin cefane, rarar da aka yi wahala a kanta ta koma aljihunsa. Yana faruwa. Shi ya sa nake ganin a yi maganar da shi tun kafin a gina murhu, a amince cewa rarar za ta shiga akwati, ranar rabo kuma gidan duka zai gani. In ba a sa wa rarar suna ba, narkewa take, yau magi, gobe omo. Wadda ta rage naira 1,400 a mako ta ƙara hannun jari ɗaya ko biyu a zaman da ke tafe.

Kada ku ɗauki lissafina a baki. A zama na gaba, ku zaɓi mata biyu masu iyali kusan daidai. Kowacce ta yi mako ɗaya tana girki a duwatsu uku, mako na biyu a murhun tsimi, da irin itace ɗaya da irin abinci ɗaya. A ɗaure itacen dami-dami da igiya mai tsawo ɗaya, don kada wani dami ya fi wani. Wadda ba ta rubutu ta jefa tsakuwa a gwangwani duk lokacin da ta kwance dami. A ƙarshen mako na biyu a kawo gwangwanayen gaban ƙungiya a ƙirga, sakatariya ta rubuta a bayan littafin akwati, tare da duk abin da ya ba su wahala a makon.